Rigar Ephraim Gedge

Dorcas Penhale tana cikin shanya zannuwan gadon otal a bayan gidanta sai ta ji ƙarar guduma ta ɗauke a gidan maƙwabci. Shekara goma sha tara ke nan tana jin wannan ƙara ta kan katanga, tun ranar da teku ta haɗiye mijinta ta dawo wannan layi da zama, har kunnenta ya daina lura da ita. Shirun ne ya sa ta ajiye kwando ta leƙa. Ephraim Gedge, tsohon mai sassaƙar dutse, yana kwance a gefen wani dutsen kabari da bai gama rubutawa ba, kurfinsa na sassaƙa ya faɗi can gefe, hularsa ta gangara ƙarƙashin benci.

"Mista Gedge! Kai, Mista Gedge, me ya same ka?"

"Ƙasa nake dubawa, Misis Penhale," in ji shi, muryarsa can ciki. "So nake in ga ko ta shirya karɓata."

"Ka ji shi! Mutum na kwance a ƙasa yana zolaya. Kama wuyana."

Ephraim ƙato ne, shekara sittin da takwas ba su rage masa faɗin kafaɗa ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ta kai shi ɗaki, rabi yana takawa rabi tana ja, ta zube shi a gado. Watan Janairu ne, tsakiyar zafi a wannan ƙasa, rufin kwano sai ƙara yake yi. Leɓɓansa sun yi shuɗi, gumi ya jiƙa rigar nan tasa mai kauri da dogon hannu, wadda kullum take ɓalle har maƙogwaro. Duk Port Merrin an san shi da ita. Masunta kan tsokane shi su ce da riga aka haife shi, domin ba a taɓa ganinsa ya shiga teku ba, ko ranar da zafi ke kashe tumaki a tsaye.

Dorcas ta jiƙa tsumma, ta kai hannu ga maɓallin wuyansa don ya sha iska. Caraf ya kama wuyan hannunta, riƙon da ba ta zaci mai mutuwa yana da shi ba.

"Bar shi."

"Haba, Mista Gedge! Ni fa na karɓi haihuwar rabin layin nan, na wanke gawar sauran rabin. Wane ƙirji ne ban gani ba?"

"Shi ya sa nake son magana da ke. Tura ƙofar nan."

A Port Merrin, in ka bi ta bakin mutane, babu wanda ubansa ya sauka ƙasar nan da sarƙa a ƙafa. Kowa nasa ya sauko daga jirgi ne da Littafi Mai Tsarki a hannu ɗaya, takardar shaidar kirki a ɗayan. To wa ya gina gidan kwastan, da coci, da gadar dutsen da ke kan rafi? Wannan tambaya ba a yin ta a kan teburin cin abinci. 'Yan sarƙa dai, wato fursunoni, an san an kawo su jirgi-jirgi daga Ingila, amma ka rantse da suka gama gini sai suka narke, ba su haifi kowa ba.

Ephraim ya faɗa mata yana yi yana hutawa. Yana ɗan shekara goma sha shida ya saci takalmi a kasuwar garinsu, aka yanke masa shekara bakwai a ƙetaren teku, taurin kai ya mai da su goma sha ɗaya. Shi da mutum talatin suka fasa dutsen gidan kwastan, ƙafafunsu a ɗaure. Kowane ɗan sarƙa yana da alamar da zai sara a jikin dutsen da ya gyara, don in dutse ya tsage ko ya karkace mai tsaro ya san bayan da zai daka. Wani gicciye, wani tauraro. Tasa ɗan kifi ce.

"Sau uku aka ɗaure ni aka yi mini bulala. Hamsin, hamsin, saba'in da biyar. Bayana ba baya ba ne, Misis Penhale. Duk wanda ya gan shi ya gama karanta ni."

Dorcas ta zauna a bakin gado. Ba mamaki ne ya kama ta ba, tausayi ne. Shekara goma sha tara mutumin nan yana gyara mata matakala, yana sara mata itace, tana miƙa masa burodi ta kan katanga, ashe yana cikin wannan riga kamar mai zaman kurkuku na biyu.

"'Yarka Lavinia fa?"

"Ita ce maganar. Mahaifiyarta ta sani, ta tafi da shi kabari. Lavinia kuwa na gaya mata da kaina na biya kuɗin jirgi, magini aka nema na zo. Kin san gidan da take aure. Kin san 'yan matanta biyu sun isa. In wannan ya fita, babu ƙofar da za a ƙara buɗe musu." Ya numfasa. "Ba ma wannan ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama in ta kalle ni, kallon mutum take yi mini. Ba na son ta canza shi bayan ba ni da bakin da zan yi bayani."

"To me kake so in yi?"

"Ke za ki wanke ni. Ke kaɗai. Kada Misis Oddie ta shigo, kada Lavinia ta gani. Ki sa mini farar rigar da ke cikin akwati, ki ɓalle ta har wuya."

"Ka san mutum ɗaya ba ya juya gawa, balle irinka mai nauyin sa."

"Kin juya ni yanzu."

"Yanzu da ranka, kana taimakona."

"Ki yi mini alkawari, Dorcas."

Bai taɓa kiran sunanta kai tsaye ba sai ran nan. Ta yi masa alkawari.

Likita kuwa babu hanyar samunsa, domin ranar tseren kwalekwale ce ta shekara, kuma shi ne alƙalin tsere, yana can tsakiyar ruwa a cikin jirgin alƙalai da tuta a hannu. Duk layin an watse, har karnuka sun bi mutane. Dorcas ta ajiye masa ruwa kusa da hannu, ta ɗaura hula, ko tufafin wanki ba ta cire ba ta gangara neman 'yarsa.

Jirgin hayaƙi ya sauke mutanen birnin Hobart tun da hantsi, bakin teku ya cika maƙil. Mata da fararen riguna da laima suna tafiya a kan yashi suna ɗage gefen tufafi, maza da baƙar kwat a cikin wannan rana, fuska ja wur, wai su masu mutunci. Masu sayar da kawar teku da lemon citta suna ta kira. Gadar katakon da jirage ke tsayawa tana ta kuka saboda nauyin jama'a, 'yan badujala sun zauna a ƙarshenta suna busa abin da kowannensu ya ga dama. Dorcas ta yi ta kutsawa da gwiwar hannu. Wata baƙuwa ta ja siket ɗinta gefe kamar sabulun da ke hannun Dorcas cuta ce.

A gaban gidan kwastan aka fi cinkoso. Ginin ya cika shekara hamsin, 'yan majalisar gari sun sa an kafa masa allon tagulla, kuma Mista Josiah Crowther, mai babban kanti, mijin Lavinia, shi ke jawabi a kan akwati, babban yatsansa a aljihun falmaran.

"Wannan gini shaida ne na gumin iyayenmu, 'yantattun mutane masu tsoron Allah, waɗanda suka baro gida da son ransu..."

Aka tafa. Wani tsoho a bayan taro ya tofar da yawu a ƙasa. Mai ɗaukar hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle yana ihu kowa ya tsaya cik, kada a motsa. Dorcas ta ratsa ta tsakiyar hoton da tufafin wankinta.

"Ke, mata! Kin ɓata mini farantin hoto!"

"Ka wanke ka sake zubawa," in ji ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta duba cikin matan manya da ke zaune a kujerun gaba, Lavinia ba ta nan. Can ta hango ta a kusurwar ginin, wajen da inuwa ta faɗi, ita kaɗai, ta jingina bayanta da bango, hannunta ɗaya a baya ya dafa dutse. Mace ce mai shekara talatin da tara, doguwa kamar ubanta, ba ta da yawan magana. Tana ganin Dorcas da hannun riga a naɗe ta miƙe.

"Baba ne?"

"Shi ne. Ki zo yanzu, kada ki tsaya neman karusa."

Lavinia ta yi gaba. Dorcas ta juya za ta bi ta, idonta ya faɗa kan wurin da tafin hannun ya tashi. Ɗan kifi ne, bai fi tsawon yatsa ba, iskar teku ta cinye gefensa amma wutsiyar tana nan. Ta tsaya cak. Sai ta ce wa kanta inuwa ce kawai ta kai matar wurin, ai bango ne, kowa na iya jingina. Ta bi ta da sauri.

Sun same shi da sauran numfashi. Lavinia ta cire safar hannu ta durƙusa, ta kama ƙaton hannunsa mai kanta.

"Baba, ni ce."

"Vinnie. Kin baro musu biki." Ya buɗe ido da ƙyar. "An kafa allon?"

"An kafa."

"Wa ya huda bangon?"

"Wani ne daga Hobart."

"Allah ya sa bai yi gaggawa ba. Dutsen nan ba ya son a matsa masa, tsagewa yake yi."

"Ka san halinsa ke nan, Baba."

"Magini ya san halin kowane dutse," in ji shi da sauri, ya saci kallon Dorcas.

"Haka ne," in ji Lavinia. Ta gyara masa gashin goshi. "Kana jin zafi? In buɗe maka..."

"A'a. Sanyi nake ji."

Ba ta ƙara ba. Ta ja bargo ta rufa masa a cikin wannan zafi, ta zauna tana ba shi labarin wanda ya ci tseren farko da wanda kwalekwalensa ya kife a gaban budurwarsa. Ya yi 'yar dariya. Wajen ƙarfe huɗu, jim kaɗan bayan an harba bindigar tseren ƙarshe, ya ja numfashi ɗaya mai tsawo, bai sake ba.

Lavinia ta kifa goshi a kan hannunsa. Dorcas ta bar ta ta yi kukanta, ita kuma ta yi abin da aka saba: ta tsayar da agogon bango, ta rufe madubi da tawul, ta ɗora ruwa a wuta. Hawaye na zubo mata tana sharewa da gefen hannu, tana jin haushin kanta, ita da ta wanke gawa ta fi ɗari.

Ruwan bai gama ɗumi ba sai ga Misis Oddie a ƙofa, ta naɗe hannun riga, da kwanonta da soso. Yadda ta ji labari Allah kaɗai ya sani. Ita ce ke kama wa Dorcas wannan aiki shekara da shekaru, hannunta da kyau, ba ta ƙyama, sai dai abin da idonta ya gani da safe kafin rana ta take ya kai gadar rafi.

"Allah sarki, Mista Gedge! To, yau dai za a ga abin da ke cikin rigar nan," in ji ta, tana neman hanyar shiga.

Dorcas ta cika ƙofar da jikinta. "Yau ki huta, Misis Oddie. Na iya."

"Kin iya? Wannan ƙaton? Ke da bayanki ke ciwo tun Kirsimeti? Matsa mini, don Allah."

"Na ce na iya."

"To me ake ɓoyewa?"

"Ni zan kama mata," in ji Lavinia daga cikin ɗaki. Ta taso, idonta ja, amma muryarta a tsaye. "Mun gode, Misis Oddie. In kina son taimako, ki gangara ki gaya wa Mista Crowther, ki kuma biya wa mai akwatin gawa."

"Haba, Misis Crowther! Ina aka taɓa yi 'ya ta wanke ubanta? Ai shi ya sa ake da maƙwabta."

"Yau za a fara."

Misis Oddie ta tafi tana gunaguni, amma da saurinta, tunda an ba ta labarin da za ta kai. Dorcas ta tura ƙofa ta sa sakata, ta tsaya da kwano a hannu. Ta kori wadda za ta yayata, ta rage da wadda aka fi gudu.

Suka fara da abin da ba shi da wuya. Lavinia ta wanke masa fuska, ta taje gemu, ta ɗaure haɓa da farin ƙyalle. Dorcas ta ɗora masa kwabo biyu a idanu, ta wanke hannaye da ƙafafu. A idon sawunsa akwai wani zobe na fata mai sheƙi, gashi bai fito a wurin ba. Ta yi maza ta ja zane ta rufe. Saura riga.

"Misis Crowther, ki ɗan fita ki sha iska. Sauran nawa ne."

"Ba inda zan je."

"To ki dubo mini farar rigarsa a akwati."

"Ga ta nan, na ciro."

Dorcas ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa ta gwada ɗagawa ita kaɗai. Ko gezau. Ta sake gwadawa har bayanta ya amsa, ta saki, tana haki. Sai ta miƙe ta fuskanci matar.

"Ki yi haƙuri, ba zan buɗe rigar nan kina ɗakin nan ba. Na yi masa alkawari."

"Alkawarin me?"

"In na faɗa ai na karya."

Lavinia ta dubi tagar da ke rufe. Daga bakin teku ana jin tafi da sowa, ana raba kyaututtuka.

"Ba ki buɗe taga ba, Misis Penhale," in ji ta a hankali. "Mama ta ce in an yi mutuwa akan buɗe taga."

Ta zagaya gadon ta buɗe da kanta. Iskar teku ta shigo ta ɗaga labule. Daga nan ana hango rufin gidan kwastan da tutocinsa, da farin taro a kan yashi. Ta dawo ta durƙusa a gefen gado ta wajen bango, inda fuskarta ke kallon tagar.

"Ke kaɗai ba za ki iya juya shi ba, ni ma na ga haka. Ki kwance maɓallan, ki turo mini shi, in rungume shi. Ni teku zan kalla. Ba zan sauke ido ba sai kin ce kin gama."

Dorcas ta auna maganar. Alkawarin dai shi ne kada Lavinia ta gani. Ta kwance maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na wuya ya yi tauri don shekaru bai saba da hannun kowa ba sai na mai shi. Ta tura, Lavinia ta jawo, kan tsohon ya kwanta a kafaɗar 'yarsa, ita kuma ta ɗaga haɓa ta kafa ido a taga. Dorcas ta zare rigar.

Ta ga bayan mutane iri-iri a wannan aiki, har da na tsofaffin 'yan sarƙa biyu da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ba ta ga irin wannan ba. Daga wuya har ƙugu babu wurin da za ka ɗora yatsa a kan lafiyayyar fata. Tabo ya hau kan tabo, fari da ja, wani ya tashi wani ya lotsa. Ta cije leɓe don kada wani sauti ya fita ya tona. Ta matse soso ta fara wankewa daga dama.

"Ki bi a hankali a kafaɗar hagu," in ji Lavinia, idonta na kan teku. "Nan ne ke yi masa ciwo in sanyi ya shigo."

Hannun Dorcas ya tsaya. Ruwa ya ɗiga daga soso a kan zanen gado.

"Tun yaushe?"

"Ina shekara bakwai. Mama na shafa masa kitsen rago a gaban murhu, ƙofar ba ta rufu da kyau ba. Sau ɗaya ne, ban ƙara leƙawa ba." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara. "Kifin kuma yana ƙasan dutsen kabarin Mama, inda ciyawa ke rufewa. Da na gan shi a can, na je na nemo sauran a bango. Goma sha huɗu ne."

"Ba ki taɓa gaya masa ba?"

"Yaya zan yi? Abin da ya fi komai so a duniya shi ne kada in sani. Shi kaɗai ne abin da nake da shi da zan ba shi." Ta ƙara matse shi a ƙirjinta. "Yau ma ban gani ba, Misis Penhale. Ke ce shaida."

"Ni ce shaida."

Dorcas ta wanke kafaɗar hagu a hankali, ta tsane ta da tawul mai laushi. Ta warware farar rigar, wadda ita da kanta ta goge ta bara ba tare da ta san ranar da ake ajiye wa ba, ta zura hannu ɗaya, ta shimfiɗa ta a kan bayan har ta rufe shi duka, ta ja gefen ta soke.

"Na gama."

Suka kwantar da shi tare, suka zura ɗaya hannun. Can ƙasa jirgin hayaƙi ya yi kuka yana kiran mutanen Hobart, 'yan badujala suka kama waƙar sallama. Dorcas ta kai hannu ga maɓallan, Lavinia ta ɗan taɓa ta, ta janye. 'Yar ta fara daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har ta iso na wuya. Ta ɗaga gemun da yatsa biyu, ta ɓalle shi, ta daidaita kwalar da tafin hannunta.